Rahoton Ayyukan Shekara na Ƙungiyarmu ta Mahaya Keke, Birnin Kano

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Iyayen ƙungiya, shugaba da 'yan kwamitin zartarwa, iyayenmu da yayyenmu na ɓangaren mata, da ɗaukacin 'yan'uwa mambobi, bayan gaisuwa da fatan alheri, wannan shi ne rahoton ayyukan da ƙungiyarmu ta gudanar a shekarar da ta ƙare, kamar yadda tsarin mulkinmu ya wajabta wa ofishin sakatare ya gabatar kafin babban taro. Mafi yawan rahoton zai tsaya ne a kan gangamin hawan keke na tara kuɗin binciken cutar daji, domin shi ne aikin da ya ci mafi yawan lokacinmu da ƙarfinmu, kuma shi ne ya haifar da muhawarar da har yanzu ba ta gama kwantawa a zukatan wasu daga cikinmu ba. Lissafin kuɗi dalla-dalla, na shiga da na fita, yana cikin takardar ma'aji wadda masu binciken kuɗi suka sa wa hannu, za kuma a raba ta tare da wannan rahoto, saboda haka ba za a maimaita alƙalumanta a nan ba.

Ayyukan yau da kullum

Atisayen mako-mako ya ci gaba yadda aka saba, ana haɗuwa bayan sallar asuba ranakun Asabar da Lahadi, a dawo kafin rana ta take kuma kafin 'yan adaidaita sahu su cika titi. An dakatar da shi a watan azumi, aka kuma rage nisansa da damina saboda ruwan da ke kwanciya a wasu hanyoyi. Yawan mambobi ya ƙaru, dalilin kuwa a fili yake: tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka sanar da cire tallafin man fetur, malaman makaranta da ƙananan ma'aikata da yaran shago na Kantin Kwari da Singa da dama sun kakkaɓe kekunan da suka jingine shekara da shekaru. Wasunsu neman mai gyara na kirki ne ya kawo su wurinmu, daga nan suka zama 'yan gida. A ranar 3 ga Yuni, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware tun 2018 a matsayin ranar keke ta duniya, makanikanmu sun yi wa 'yan makaranta faci da gyaran burki kyauta. Mun kuma halarci jana'iza da ta'aziyyar 'yan'uwan da muka rasa a cikin shekarar. Allah ya jiƙansu, ya kyautata namu ƙarshen.

Asalin gangamin

Babban taron bara ne ya yanke shawarar cewa ƙungiya ta yi wani aiki guda mai girma a kan cutar daji, kuma waɗanda suka halarta za su tuna cewa da wuya a samu wanda ya miƙe ya yi magana a ranar ba tare da ya ambaci uwa ko mata ko ƙani ko maƙwabcin da cutar ta ɗauke ba. Alƙaluman duniya sun yi daidai da abin da muke gani a unguwanninmu. Cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ke birnin Liyon na Faransa, ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 an samu sababbin masu cutar kimanin miliyan 20 a duniya, mutum miliyan 9.7 kuma suka rasu. A Najeriya ƙiyasin wannan shekarar ya haura mutum 127,000 sababbin kamuwa, waɗanda suka rasu kuma sun kusa 80,000, inda kansar mama ke kan gaba, sai ta furostet, wata gaɓa da ke ƙarƙashin mafitsarar maza, sai ta bakin mahaifa. Duk wanda ya ajiye lissafin biyu kusa da juna zai ga cewa a nan ƙasar cutar ta fi kisa, babban dalili kuma shi ne yawancin marasa lafiyarmu ba sa isa asibiti sai ciwo ya riga ya ci jiki.

Tsarin tara kuɗi da keke ba mu muka ƙirƙiro shi ba. A jihar Masachusets ta Amurka akwai gangamin da ake kira Pan-Mass Challenge, wanda aka fara a 1980 domin cibiyar Dana-Farber da ke Boston, kuma a 2024 jimillar abin da ya tara tun farkonsa ta haura dala biliyan 1. Ba mu da aljihunsu, ba mu da titunansu, amma akwai ƙa'ida ɗaya tasu da kwamiti ya ga ta dace da mu: duk abin da mahayi ya tara yana tafiya ne kai-tsaye ga aikin da aka tara shi dominsa, hidimar taro kuma a nemo kuɗinta daga wani wuri. Wannan ya sa aka buɗe asusu biyu a banki. Na farko na hidima ne, inda kuɗin rajistar mahaya da gudummawar 'yan kasuwar da suka ɗauki nauyin ruwa da riguna da man motoci suka shiga. Na biyu na bincike ne zalla, kuma ko kuɗin ruwan leda ɗaya ba a cira daga cikinsa ba.

Shirye-shirye da karɓar alkawari

An raba wa kowane mahayi takardar alkawari mai lamba, ya zaga da ita wurin dangi da abokan sana'a da mutanen masallacin unguwarsu, kowa ya rubuta abin da zai bayar, wasu a kan kowace kilomita da mahayin zai yi, wasu kuma dunƙule. An hana karɓar kuɗi a hannu sai inda ya zama dole, kuma a nan ma sai da rasiti. Likitoci da ma'aikatan jinya na cikinmu sun auna hawan jini da sukarin duk wanda ya yi rajistar doguwar hanya, suka mayar da wasu gajeriyar hanya ko da ransu bai so ba. An rubuta wa hukumomin da ke kula da tituna da jami'an tsaro takardar neman izini da rakiya, an kuma kai gaisuwar ban-girma ga masu unguwanni da dagatan wuraren da za a yada zango.

A wajen karɓar alkawarin ne muka ci karo da abin da ya kamata kowane mamba ya fahimta da kyau. Mutanen Kano ba su da rowa a kan mara lafiya. Da an ce wance tana kwance ana neman kuɗin aiki, kafin la'asar an haɗa. Amma da an ambaci bincike, sai fuska ta canja. Wani dattijo mai shagon atamfa a Kwari, bayan ya saurari mahayinmu har ƙarshe, ya ninke takardar ya miƙa masa, ya ce, "Yaro, ni na ga shekarar sanƙarau. In dai gwaji za a yi da 'ya'yan mutane, ba da kuɗina ba." Abin da yake nufi sananne ne a garin nan. A lokacin annobar sanƙarau ta 1996, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a Kano, gwajin da ya ƙunshi yara kimanin 200, inda 11 daga cikinsu suka rasu, kuma shari'ar da ta biyo baya ta ƙare da sasanci na dala miliyan 75 tsakanin kamfanin da gwamnatin jiha a 2009, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba. Wannan tabo yana cikin abubuwan da suka sa aka dakatar da allurar shan-inna a jihar nan a 2003. Saboda haka tsoron dattijon yana da tushe, kuma kwamiti bai ɗauke shi a matsayin jahilci ba. Shugaba da ɗaya daga cikin likitocinmu suka koma shagon da kansu, suka zauna suka yi masa bayanin cewa kuɗinmu ba zai shiga gwajin sabon magani a jikin kowa ba, kuma babu aikin da za mu ba ko sisi sai kwamitin ɗa'ar bincike na asibiti ya amince da shi, sai kuma an yi wa mara lafiya bayani da Hausa ya yarda da bakinsa. Alhajin ya bayar, ya kuma sa maƙwabtansa na layin suka bayar. Daga wannan rana aka buga waɗannan sharuɗɗa a bayan kowace takardar alkawari.

Ranar gangamin

An zaɓi Asabar ɗin da ta fi kusa da 4 ga Fabrairu, ranar cutar daji ta duniya, lokacin da sanyin hunturu ke sauƙaƙa wa mahayi tafiya, ko da yake hazo da ƙura sun sa dole aka raba takunkumi. An tashi daga Ƙofar Mata bayan addu'a. Masu gajeriyar hanya, waɗanda suka haɗa da dattawa da yara 'yan makaranta tare da iyayensu, sun bi ta Ƙofar Nassarawa suka hau titin BUK, suka wuce Ƙofar Ɗan Agundi da Ƙofar Na'isa da Gadon Ƙaya da Ƙofar Famfo har Kabuga, sannan suka juyo. Masu doguwar hanya kuwa sun ɗauki titin Zariya, ta Gyaɗi-gyaɗi da Unguwa Uku da Na'ibawa da Kwanar Dawaki, suka haye gadar Tamburawa zuwa Kura, tafiyar kimanin kilomita 30, sannan suka dawo. Motar asibiti tana biye, a-kori-kura tana can baya ɗauke da masu faci da tayoyi da sarƙoƙi, tana kwasar duk wanda kekensa ko ƙafarsa ta gaza.

Ba a samu mummunan haɗari ba, alhamdu lillahi. An samu 'yan faɗuwa da ƙujewar gwiwa a inda yashi ya taru a gefen kwalta, kuma manyan motoci sun takura wa ayarin tsakanin Na'ibawa da Kwanar Dawaki har sai da masu rakiya suka mayar da mahaya layi ɗaya. Ya kamata a rubuta a nan cewa ba masu kekunan tsere masu giya ne kaɗai suka kai Kura ba. Akwai dattijon da ke kawo kayan miya cikin gari kullum a kan tsohon Raleigh ɗinsa, wanda ya zo da babbar riga ya naɗe ta a kafaɗa, ya ɗaure ƙafar wandonsa da roba don kada sarƙa ta ci, ya ɗora hular kwanon da aka ara masa a kan hularsa, kuma ya isa zangon kafin samari da yawa. Takardar alkawarinsa cike take da sunayen mata masu sayen kayansa, kowace da ɗan abin da ta iya.

Ba don nisa kawai aka zaɓi Kura ba. Yankin yana cikin aikin noman rani da ke shan ruwan madatsar Tiga, inda yara da manoma ke wuni a cikin magudanan ruwa, kuma a irin wannan ruwa ne tsargiya ke yaɗuwa. A zangon, likitanmu ya tsaya a inuwa ya yi wa mutanen da suka taru bayanin cewa tsutsar tsargiya tana fitowa ne daga wasu ƙananan dodon koɗi na ruwa, ta ratsa fata, ƙwayayenta su maƙale a bangon mafitsara suna yi mata rauni shekara da shekaru, raunin nan kuma yana iya rikiɗewa ya zama kansar mafitsara bayan mutum ya manyanta. Wani manomi ya ce su dai a wurinsu fitsarin jini ga yaro namiji ba a ɗauke shi ciwo ba, kowa ya yi ya wuce. Likitan ya amsa masa da cewa jinin ne yake ɗaukewa, ƙwayayen suna nan, alhali maganin furazikwantel yana kashe tsutsar kuma ba shi da tsada. Mahaya da yawa sun ce a wurin nan ne suka fara gane abin da suke tuƙa keke dominsa.

Muhawarar inda kuɗin zai tafi

Bayan kuɗi sun fara shigowa, takardun neman taimako suka fara zuwa ofishin sakatare, kowace da hoton takardar asibiti a maƙale. Akwai mai neman kuɗin zagaye na gaba na allurar kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin cutar daji, akwai wadda aka tura wani gari a gasa mata ciwon da na'ura ba ta da kuɗin mota balle na masauki, akwai kuma ɗan'uwanmu na cikin ƙungiya wanda matarsa ke kwance a lokacin. A zaman gaggawa da aka kira, mambobi masu daraja sun tashi sun ce a raba kuɗin ga waɗannan bayin Allah, suna kafa hujja da cewa ƙwai a baka ya fi kaza a akurki, kuma ba a san ranar da bincike zai haifar da wani abu ba, alhali ga mutum nan yana nishi a gabanmu. Babu wanda ya fita daga zaman nan da sanyin zuciya, kuma duk wanda ya yi waccan magana tausayi ne ya sa shi, ba wani abu ba.

Kwamiti ya tsaya a kan cewa asusun bincike ba za a taɓa shi ba, kuma wajibi ne a bayyana dalilan a rubuce domin waɗanda ba su halarta ba. Na farko shi ne amana. Da sunan bincike aka karɓi kuɗin, da sharuɗɗan da aka buga a bayan takarda, kuma ba mu da hurumin juya dukiyar mutane zuwa wata hanya, komai kyawunta, ba tare da izininsu ba. Ƙungiyar da ta yi haka sau ɗaya ba za ta sake samun mai sa hannu a takardarta ba. Na biyu, likitocinmu sun yi lissafi a gaban kowa suka nuna cewa duk abin da aka tara ba zai wuce maganin mutane ƙalilan ba, wasunsu ma ba zai kai su ƙarshen magani ba, sannan a wayi gari asusu ya ƙare, takardu kuma suna ci gaba da zuwa.

Dalili na uku shi ne wanda ni kaina, a matsayina na sakatare, na fi ba wa nauyi. Alƙaluman Najeriya da aka ambata a sama ƙiyasi ne da aka gina a kan rajistar cutar daji ta wasu 'yan birane, irin su Ibadan, wadda ke aiki tun 1960, da Abuja da Kalaba. Jihar Kano, wadda ƙidayar 2006 ta ba mutum miliyan 9.4 a ƙananan hukumomi 44, tana da nata cututtukan da nata dalilan, kuma mai tsara kasafin lafiya ba zai ware kuɗi ga abin da ba a ƙirga ba. Muna da tsargiya a yankunan noman rani. Muna da ciwon hanta nau'in B, wanda shi ne babban mai jawo kansar hanta, ga kuma gubar afalatoksin da ke fitowa daga fumfunar gyaɗa da masarar da aka adana da danshi, wadda ke ƙara haɗarin idan ta haɗu da ciwon hantar. Wanda ke Boston ba zai zo ya ƙirga mana waɗannan ba.

Tarihi ma ya nuna cewa lura da mara lafiya a asibitin Afirka tana iya amfanar duniya baki ɗaya. A 1958 likita Denis Burkitt, yana aiki a Yuganda, ya bayyana wata kansa da ke kumbura muƙamuƙin yara a yankunan da zazzaɓin cizon sauro ya yi yawa, kuma daga tsokar da ake aikawa Landan daga wurinsa ne aka gano ƙwayar cutar Epstein-Barr a 1964, ta farko da aka danganta da cutar daji a jikin ɗan Adam. Yau wannan kansa tana cikin waɗanda ake warkarwa da magani idan an kawo yaro da wuri. Binciken Harald zur Hausen na Jamus, wanda ya samu kyautar Nobel a 2008, shi ya tabbatar da cewa ƙwayar HPV ce ke jawo kansar bakin mahaifa, kuma daga nan aka samu rigakafin da ake yi wa 'ya'yanmu mata a yau. Farfesa Olufunmilayo Olopade, 'yar Najeriya da ke Jami'ar Shikago, ta shafe shekaru tana nuna cewa kansar mama a matan Afirka ta Yamma takan zo da ƙuruciya kuma da nau'i mai zafi fiye da yadda aka saba gani a matan Turai. Duk wanda ke shan magani yau yana cin moriyar kuɗin da wani ya bayar shekaru da dama da suka wuce ba tare da ya san shi ba.

Mafitar da ta haɗa kan zaman ta zo ne daga malamanmu. Sun yi bayanin cewa zakka tana da masu cin ta guda takwas da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta lissafa, kuma mara lafiyar da talauci ko bashin magani ya danne yana cikinsu, alhali kuɗin bincike sadaka ce ta ganin dama, wadda ake fatan ta shiga cikin ilimi mai amfani da hadisi ya ce ladansa ba ya yankewa bayan mutuwa. Saboda haka aka kafa ƙaramin kwamitin jin ƙai mai asusunsa daban, wanda ke karɓar zakka da gudummawar da aka bayar da sunan marasa lafiya, yana biya kai-tsaye a asibiti ko kantin magani, yana kuma taimaka wa waɗanda suka cancanta su cike takardun asusun tallafin masu cutar daji na gwamnatin tarayya. Ɗan'uwanmu da matarsa ke kwance yana cikin waɗanda suka fara amfana, kuma shi da kansa ya ɗaga hannu ya goyi bayan a bar asusun bincike yadda yake. Allah ya saka masa da alheri, ya ba iyalinsa lafiya.

Abin da kuɗin ke yi yanzu

An sanar da likitoci da ɗaliban digiri na gaba a fannin lafiya da ke aiki a Kano cewa su kawo tsarin binciken da suke so a tallafa, aka ɗora wa wasu ƙwararru da ba su nemi kuɗin ba, kuma ba su da dangantaka da masu nema, alhakin tantancewa. An gindaya cewa ba za a biya alawus ɗin zama ko kuɗin tafiya taro da kuɗinmu ba, za a riƙa sakin kuɗin ne kashi-kashi bayan an kawo rasitan na baya, kuma dole a kawo wa ƙungiya taƙaitaccen sakamako da Hausa.

Ayyuka biyu aka zaɓa. Na farko yana bibiyar mata masu kansar mama, tun daga ranar da mace ta fara jin ƙullutu har ranar da ta shiga asibiti, domin a gano inda watannin ke salwanta: ko a wurin mai magani ne, ko a kemis, ko a jiran izinin maigida da haɗuwar kuɗi, ko kuma a tsoron nan da ya zauna a zukatan mutane cewa daji ba ya son allura ko ƙarfe, wanda ke sa a gudu da an ce za a ɗebi tsoka a kai ɗakin gwaji. Aikin yana kuma neman waɗanda suka ɓace bayan an gaya musu sakamako. Kuɗinmu yana sayen katin waya na kiran su, da kuɗin motar dawowa asibiti, da sinadaran gwajin da ke nuna nau'in kansar. Gwajin nan yana da muhimmanci ƙwarai, domin magani irin tamoksifen, wanda ƙwaya ce mai sauƙin kuɗi, yana aiki ne kawai a kan nau'in da sinadarin jikin mace ke ciyarwa, kuma in ba a yi gwajin ba likita yana ba da magani ne a cikin duhu. Aiki na biyu na tattara bayanai ne, inda ake bin tsofaffin fayiloli da sakamakon ɗakin gwaji na masu kansar mafitsara da ta hanta, ana shigar da su kwamfuta tare da garin da kowa ya fito da sana'arsa, ba tare da sunansa ba. Dukkan ayyukan biyu suna tafiya, sakamako bai kammala ba, kuma kwamiti ba zai yi riga malam masallaci ba ta hanyar faɗin abin da masu binciken ba su faɗa ba tukuna.

Aikin ɓangaren mata

Ko da yake iyayenmu da yayyenmu mata ba su hau keke a titi ba, kaso mai yawa na alkawuran da aka cika ta hannunsu ya biyo, daga makarantun Islamiyya da gidajen biki da ƙungiyoyin adashi, kuma su ne suka riƙe wuraren ba da ruwa a cikin gari. A watan Oktoba, watan wayar da kai a kan kansar mama, ma'aikatan jinya mata sun shiga gidaje suna koya wa mata yadda za su duba kansu da kansu. Babban aikinsu kuwa shi ne rigakafin HPV, wanda Najeriya ta shigar cikin alluran yau da kullum ranar 24 ga Oktoba, 2023, ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, allura ɗaya tak kuma kyauta, Kano tana cikin jihohin rukunin farko. Nau'i biyu na ƙwayar, na 16 da na 18, su ke jawo kimanin kashi 70 cikin 100 na kansar bakin mahaifa. Burin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a Nuwamban 2020 shi ne kafin 2030 a yi wa kashi 90 na 'yan mata allurar, a gwada kashi 70 na mata, a kuma yi wa kashi 90 na waɗanda aka samu da cutar magani. Jita-jitar cewa allurar tana hana haihuwa tana nan da ƙarfinta, kuma Hajiya shugabar mata ta ba da rahoton cewa abin da ya fi karya ta shi ne uwa ta ga ma'aikaciyar jinyar da ke mata bayani ta kawo tata 'yar an yi mata a gabanta. Sun kuma riƙa tunatar da masu juna biyu cewa allurar ciwon hanta nau'in B ana son jariri ya same ta cikin awa 24 da haihuwa, ko da a gida aka haihu.

Abubuwan da ke gaban babban taro

Akwai alkawuran da har yanzu ba a cika ba, kuma wasu takardu masu lamba ba su dawo ofis ba. Alkawari kaya ne, kuma kashi na gaba na kuɗin masu bincike ya dogara ne a kan waɗannan, don haka ana roƙon duk mai riƙe da takarda ya dawo da ita ga ma'aji kafin ranar taro, ko an biya ko ba a biya ba, domin a rufe lissafi. Wanda halin rayuwa ya hana shi cikawa ya faɗa a asirce, ba za a karanta sunan kowa ba.

Taron zai yanke hukunci a kan ko za a ci gaba da bin titin Zariya ko a nemi hanyar da manyan motoci ba su yi yawa ba, da shawarar wajabta hular kwano a kowane atisaye tare da sayen wasu da ƙungiya za ta riƙa ba da aro, da buƙatar ɓangaren mata ta a shirya wa ƙananan 'yan mata nasu zagayen a cikin filin makaranta mai katanga. Za a kuma zaɓi sababbin masu binciken kuɗi, a tabbatar da kwamitin jin ƙai a cikin tsarin mulki idan mambobi sun amince. Masu binciken da muka tallafa sun karɓi gayyata, za su zo su yi bayanin inda aikinsu ya kai kuma su amsa tambayoyi, saboda haka ana son kowane mahayi ya gayyato mutanen da suka sa hannu a takardarsa. Za a sanar da rana da wurin taron a zauren WhatsApp na ƙungiya da kuma wurin atisaye.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.

Sakatare,
a madadin Kwamitin Zartarwa